Don Heber da Kurɓin Farko

Ranar Alhamis aka kawo mana Don Heber Silveira daga asibiti, da jakar kaya ɗaya da hularsa a kan gwiwa. Shekarunsa saba'in da huɗu. A nan, don girmamawa, "Don" ake sa wa dattijo kafin sunansa, dattijuwa kuma "Doña". A garken tumakinsa ya faɗi, can cikin karkara, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Kafin a sallame shi ƙafar ta fara dawowa, hannun ma yana ɗan motsi, amma maƙogwaron ya ƙi. Duk abin da yake ruwa-ruwa, in ya haɗiya, sai ya bi hanyar numfashi ya gangara huhu. Sau ɗaya ya riga ya yi ciwon huhu saboda haka.

Gidanmu gidan kula da tsofaffi ne, amma akwai ɗakuna huɗu a baya na masu zuwa na ɗan lokaci. Daga asibiti ake kawo su, su yi 'yan makonni suna sake koyon tafiya ko cin abinci, sannan su koma gidajensu. Ni aikina gyaran magana da haɗiya. Wata biyar ke nan da na gama jami'a a Montevideo na dawo Tacuarembó, kuma har lokacin, in zan yi wa babba magana, sai na tsaya a bakin ƙofa na maimaita ta sau biyu a raina.

Likitar gidan ranar Juma'a take zuwa. Ita ta faɗa masa yadda abin yake, ina tsaye a bayanta da littafina.

"Mako shida muke da shi, Don Heber. In maƙogwaron ya koyi aikinsa, za ka koma wurin tumakinka. In huhun ya sake kamuwa, ko muka ga ba ci gaba, sai a saka maka roba a ciki a riƙa ba ka abinci ta nan. Mai roba kuwa ba zan tura shi inda babu nas ba. Nan za ka zauna, a ɓangaren gaba."

Ya juya ya kalli ɓangaren gaba ta taga, inda waɗanda ba za su koma ko'ina ba suke zaune a jere gaban talabijin. Ya ce, da bakinsa da ya ɗan karkace, "Mako shida? Ai ya isa a yi wa tumaki dubu biyu aski."

Na liƙa takarda a saman gadonsa da manyan baƙaƙe: kada a ba shi komai mai ruwa-ruwa. Ruwan shansa ma sai an zuba masa wani gari da ke sa shi kauri kamar kunu. Abincinsa faten kabewa da dankalin da aka dama. Kullum da ƙarfe goma na safe da ƙarfe huɗu na yamma nakan zauna gabansa mu yi atisaye: ya tura harshe, ya matse leɓe, ya sunkuyar da haɓa ya haɗiya da ƙarfi, ni kuma yatsuna biyu na kan zakaran wuyansa ina jin ko ya hau ya sauka. Ban taɓa ganin mai naci irinsa ba. In na ce goma, sai ya yi sha biyar, ya kalle ni ta gefen ido.

Amma akwai abin da ya dame ni. Da yamma muryarsa a bushe take, tas. Da ƙarfe goma na safe kuwa, in ya ce "ina kwana", sai ka ji kamar yana magana ta cikin ruwa. A mako na biyu jikinsa ya fara ɗan ɗumi. Na je kicin na tambaya, suka nuna mini tiren safiyarsa, komai daidai. Na duba ko yana shan ruwan famfo in yana wanke baki. Ba ya sha.

Kullum kuma da filas ɗina a hammata nake shiga ɗakinsa, ƙoƙon mate a hannu, wato ganyen shayinmu mai ɗaci da ake zuba wa ruwan zafi a zuƙa ta bututun ƙarfe, yadda kowa ke yawo a garin nan. Nakan ajiye su a kan teburinsa, in zuba, in zuƙa, ina ƙirga masa atisaye. Na lura idonsa na bin hannuna. Na ɗauka agogona yake kallo.

Wata Laraba na iso da wuri, wajen takwas da rabi, na bi ta ƙofar baya. Su uku na gani a baranda, cikin hantsi. Don Wilmar, abokin ɗakinsa, tsohon direban bas da aka canja wa gwiwa, shi ke riƙe da filas. Doña Gladis, tela ce da ta karye a ƙugu, tana cikin kekenta na marasa lafiya da bargo a ƙafa. Don Heber na tsakaninsu. Don Wilmar ya zuba ruwa a kan ganyen, ya sha nasa, ya sake zubawa, ya miƙa wa Don Heber. Shi kuma ya karɓa da hagu, ya kafa baki a bututun ƙarfen, ya zuƙa har ƙoƙon ya yi ƙara. Sannan ya cire hularsa ya yi ta tari a cikinta don kada a ji. Don Wilmar na bubbuga masa baya yana ci gaba da labarinsa.

Na tsaya a bayan ƙofa na maimaita maganata sau biyu, na fita.

"Don Wilmar, ka ga takardar da ke saman gadonsa?"

"Na gani mana, 'yata. Ai ni na karanta masa, shi ba ya gani sai da tabarau."

"To me ya sa ka ba shi?"

Ya kalle ni kamar na ce ya cire wando. "In tsallake shi? Mutum na zaune, ƙoƙo ya zo kansa, in miƙa hannu ta gaban hancinsa in ba Gladis? Shekara talatin da ɗaya ina kan hanya, ban taɓa tsallake kowa ba, ko wanda ba ma ga maciji da shi."

"Kai dai faɗi gaskiya," in ji Doña Gladis. "A mate ne ba ka tsallakewa. A tasha kuwa ni kaina ka taɓa barina cikin ruwan sama da kaya a hannu."

"Ai ba ki ɗaga hannu ba."

"Na ɗaga har da lema!"

Don Heber bai yi dariya ba. Ya mayar da hularsa, ya ce da wannan muryar mai ruwa, "Kurɓi uku ne kacal, malama."

Na ce masa kurɓi ukun nan su ke kwana a huhunsa.

Na je wurin Nibia, babbar nas. Na ɗauka za ta yi mamaki. Sai ta ajiye nata ƙoƙon a kan tebur, ta yi ajiyar zuciya.

"Na sani, Noelia. Kowa ya sani. Na ce ɗan kaɗan ne, ba zai yi komai ba. Da wane ido zan kalli dattijo in ce a wuce shi?"

A ranar muka yanke shawara. Zai riƙa karyawa a ɗaki, ba za a fito da shi baranda ba sai an gama shan mate an wanke ƙoƙo. Kwana biyu ɗumin jikin ya sauka, muryar ta bushe. Na rubuta a littafina cewa an magance matsalar.

Rana ta uku na shiga na tarar ya juya wa ƙofa baya. Tiren safe na nan ba a taɓa ba. Na ce mu fara atisaye. Ya ƙara jan bargo. Na ce ko biyar ne mu yi.

"Ki kai wa jarirai," in ji shi, bai juyo ba.

Haka aka yi kwana huɗu. Cokali biyu zai ci ya ture. Mai koya masa tafiya ta zo, ya ce ƙafarsa na ciwo. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Ran Juma'a likita ta ɗora shi a sikeli, ta fito da ni waje.

"Huhun ya yi kyau. Amma in bai ci abinci ba, robar nan za a saka, ko huhun lafiya ko ba lafiya. Saura mako uku."

Na yi wata dabara da har yau in na tuna nake jin kunya. Na dafa ganyen, na tace ruwan a kofi, na zuba garin kauri, na kai masa da cokali. Ya leƙa kofin, ya daɗe yana kallo.

"Wannan me ke nan? Abin da kwaɗi ke bari a bakin tafki?"

"Mate ne, Don Heber. Ɗanɗanon ɗaya ne."

"Ki sha in gani."

Na sha. Na yi ƙoƙarin kada fuskata ta nuna, amma ta nuna. Ya koma ya kwanta.

Da na fito da kofin, Doña Gladis ta tare ni da kekenta a lungu. "Yarinya, ke kina ganin ganyen yake kewa? Tun yana ɗan shekara goma bai taɓa wayewar gari shi kaɗai ba. Yanzu yana kwance yana jin muryoyinmu ta taga. Mu ma ba daɗi muke ji ba, Wilmar ya daina ba da labari." Ta dubi hammatata. "Ke kuma ki daina shiga masa da wannan."

Sai a lokacin na gane abin da idonsa ke bi. Tun daga ranar na bar filas ɗina a gida.

Litinin da safe na je da takwas da rabi, na zauna a kujerar gefen gadonsa. Tagar a buɗe take, ana ganin baranda. Don Wilmar ya cika ƙoƙo da sabon ganye, ya kwarara masa ruwan zafi ta ko'ina, ya cusa bututun yana juyawa kamar mai dama fura. Na ga kafaɗar Don Heber ta motsa. Ashe kallo yake ta ƙarƙashin hannu.

"Dubi wannan jakin," ya ce a hankali. Maganarsa ta farko ke nan mai tsawo cikin mako guda. "Ya jiƙa ganyen duka. Kafin a zagaya sau uku zai salance, ya koma ruwan wanke-wanke."

A waje Don Wilmar ya zuƙi kurɓin farko, ya kurkura shi a baki, ya juya ya tofar a tukunyar furen da ke gefen baranda. Haka kakana yake yi. Kurɓin farko ƙura ce da ɗaci zalla, shi ya sa mai zubawa ke ɗaukarsa, ba ya ba baƙo, kuma tsofaffi da yawa tofarwa suke yi. Na ga haka sau dubu a rayuwata ban taɓa tsayawa na kalla ba.

Wannan karon ban maimaita komai a raina ba.

"Don Heber, a garke wa ke zubawa?"

"Wa kuwa? Ni. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa mini filas."

"Mai zubawa, in zagaye ya zo kansa ya wuce kansa da kansa, akwai wanda ya wulaƙanta shi?"

Ya janye hannu daga fuskarsa. Sannan ya juyo gaba ɗaya, abin da bai yi ba tun Asabar ta wancan makon.

"Kurɓin farko fa?"

"Naka ne. Ka riƙe shi a baki, ka ji ɗacinsa, ka tofar. Amma ko ɗigo ba za ka haɗiya ba."

Ya ɗaga hannunsa na dama ya kalle shi. Yatsun a lanƙwashe suke, cokali ma da ƙyar suke riƙewa. "Da wannan zan ɗauki filas?"

"Da shi. Hagu na ƙoƙo ne. Kuma hannun da ba a ba shi abinci ba, ba zai ɗaga lita guda ba."

Ya harare ni. Ya jawo tiren safen da ya riga ya huce, ya fara cin faten.

Saura likita. Na kira ta a waya, ta saurare ni, ta ce a'a. Ruwa a bakin mutumin da bai iya riƙe shi ba, wasa ne da huhu. Da ni ce ta watan jiya, da na ce to na ajiye. Na ce mata harshensa da leɓensa sun yi ƙarfi tun mako na biyu, na karanto mata abin da na rubuta rana-rana. Na ce matsalar a haɗiya take, ba a riƙewa ba. Na ce in muka bar shi a ɗakin nan, mun riga mun saka robar. A ƙarshe ta gindaya mini sharuɗɗa.

"A zaune cak, haɓa a ƙasa. A wanke masa baki kafin a fara. Ke kina wurin, yatsunki a wuyansa, kullum. Ranar da jikinsa ya yi ɗumi an daina."

"Kullum," na ce.

"Har Lahadi?"

"Har Lahadi."

Da filas wanda ba komai a ciki muka fara. Ya ɗaga, ya karkata, ya ajiye, sau ashirin. Washegari aka zuba ruwan sanyi rabi. Ya zuba a ƙoƙo, rabin ruwan ya ƙare a cinyarsa. Don Wilmar na kwance a ɗaya gadon yana motsa gwiwa.

"Nas! A zo da wani wando, dattijo ya yi abin yara!"

"Ka jira," in ji Don Heber. "In na karɓi filas ɗin nan, kai ne na ƙarshe a layi."

"Da wannan hannun? Sai dai mu riƙa zuwa da lema. Gladis na da ɗaya."

Kwana biyar aka yi ana jiƙa wando da tawul. Mai koya masa motsa jiki ta ce a mako uku ba ta samu hannun ya yi abin da ya yi a kwana biyar ɗin nan ba. Yana cinye tirensa, yana neman ƙari. Ya koma yin sha biyar in na ce goma. A rana ta shida ruwan ya fito siriri, ya sauka daidai inda yake so. Muka gwada da mai ɗumi, sannan da mai zafi, ina riƙe da gindin filas ɗin da yatsa ɗaya har ya ce in cire.

Ranar da ya koma baranda ana yayyafi, masu kicin sun soya torta frita, fanken fulawa irin namu, kamar yadda ake yi in an yi ruwa, ƙamshin ya cika gidan. Shi ba zai ci ba, bai ma kalle su ba. Don Wilmar ya miƙa masa filas da hannu biyu, yana wani sunkuyawa na tsokana. Don Heber ya zuba ganye ya kusa cika ƙoƙon, ya rufe bakin da tafin hannu, ya kife, ya girgiza, ya karkata shi har ganyen ya taru a gefe guda kamar ɗan tudu. Ya ɗiga ruwa mai ɗumi a ƙasan tudun, ya jira ya tsotse. Ya toshe kan bututun da babban yatsa, ya soka shi a wurin da ya jiƙe. Bai juya shi ko sau ɗaya ba.

Na tsaya a bayansa, na sa yatsuna a wuyansa. Ya sunkuyar da haɓa, ya zuƙa. Na ji duk jijiyoyin wuyan sun ɗaure. Idonsa a rufe. Zakaran wuyan bai motsa ba. Na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya juya ya tofar a tukunyar furen.

"Ka ce aaa," na ce.

"Aaa." A bushe.

Ya zuba, ya miƙa wa Doña Gladis. Ta zuƙa, ta ɗaga gira. "Wilmar, ashe duk makonnin nan ruwan wanki kake ba mu."

"Ai ba ki taɓa mayarwa ba."

Ƙoƙon ya je wurin Don Wilmar ya dawo. Nan ne zagaye ya zo kan mai zubawa. Don Heber ya cika shi, ya riƙe kamar daƙiƙa biyu, ya miƙa wa Doña Gladis kuma. Don Wilmar ya fara labarin wata saniya da ta tare masa hanya a kan gada. Kafin a tashi Nibia ma ta jawo kujera.

Haka muka yi ta yi kowace safiya. Ni ina tsaye a baya, ba na cikin zagayen. Da an tofar da kurɓin farko sai in koma jikin bango da littafina, ina kallon wuyansa daga nesa. Nibia na auna zafin jikinsa safe da yamma. Bai tashi ba.

Lahadin da ta rage kwana biyar a yi masa gwajin haɗiya na ƙarshe, ƙaninsa Ubaldo ya zo daga karkara. Shi ke duba masa tumakin, kuma shi zai zauna da shi in an sallame shi. Ya zo da sabon ƙunshin ganye da labarai: tumaki sun fara haihuwa, biyu sun yi tagwaye, karen kullum yana kwance a bakin shinge yana kallon hanya. Aka ba shi kujera. Zagaye ɗaya, biyu. A na uku ya lura.

"Yaya, ka manta da kanka."

"Ban manta ba."

"To sha mana."

"An hana ni. Sai bayan Juma'a a gani."

Ubaldo ya waiga ya kalle ni daga sama har ƙasa. "Wannan 'yar yarinyar? Haba, yaya. Tun kafin a haifi ubanta kake shan mate. Kurɓi ɗaya zai kashe ka? Ni ban saba sha kana kallona ba."

Don Heber ya cika ƙoƙon ya miƙa masa. Ubaldo ya harɗe hannu a ƙirji.

"Ba zan karɓa ba sai ka sha."

Doña Gladis ta sunkuyar da kai tana gyara bargonta. Ƙoƙon na hannun Don Heber, cike, tururi na tashi, 'yar kumfa a gefen bututun. Na ga ya jawo shi kusa da ƙirjinsa. Na ga harshensa ya taɓa leɓe. Na baro jikin bango, na buɗe baki, amma duk maganar da na tanada ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Don Ubaldo, in ya sha, karen nan zai ci gaba da kallon hanya."

Ubaldo ya buɗe baki zai amsa. Don Heber ya riga shi.

"Ubaldo, filas ɗin a hannun wa yake?"

"A hannunka."

"To. An miƙa maka ka ƙi, zagaye ya wuce ka. Ka jira na gaba." Ya juyo da ƙoƙon wajena, bututun na fuskantata. "Malama, naki ne. Zauna, ba a sha a tsaye kamar doki."

Don Wilmar ya ture mini kujera da sandarsa. Na zauna. Sama da mako biyu ke nan rabona da mate. Na zuƙa, mai zafi, mai ɗaci daidai, har ƙoƙon ya yi ƙara, na mayar masa. A zagaye na gaba Ubaldo ya karɓa ya sha. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa, ya tambaye ni yadda ake dama garin kaurin nan, cokali nawa a kofi. Na rubuta masa a takarda.

Ran Juma'a likita ta zo da ƙarfe sha ɗaya. Don Heber ya sa an yi masa aski, ya sa rigarsa mai maɓalli. Ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta duba sikeli, ta gyaɗa kai. Sannan ta ce in fara.

Cokalin ruwa mai kauri. Ya haɗiya, ya ce aaa, a bushe. Wanda kaurinsa bai kai wancan ba. A bushe. Na ɗauki ƙaramin cokali na ɗebo ruwa zalla, ya ɗan zube kafin in kai bakinsa.

"Ke ce mai ciwon ko ni?" in ji shi.

Ya sunkuyar da haɓa. Zakaran wuyan ya hau, ya sauka a ƙarƙashin yatsuna, da sauri, da ƙarfi. Aaa. Cokali na biyu. Na uku. Likita na riƙe da abin sauraronta a gefen wuyansa. Ta ce a gwada da kofi. Kurɓin farko ya wuce. A na biyu ruwan ya sarƙe shi, ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa. Ya daki gwiwarsa da hannun dama.

"A sake."

"Ba za a sake ba," in ji likita. Ta zauna a bakin gado ta rubuta abin da za ta rubuta. Don Wilmar ma, da aka ce ya fita, yana maƙale a bakin ƙofa.

"Babu roba," ta ce. "Tarin nan ma alama ce mai kyau, da can ko ka yi tari ruwan wucewa yake. Za ka tafi gida ran Litinin. Abin sha a kofi, da kauri. Ruwa zalla da ƙaramin cokali kawai, a zaune. Duk mako biyu ka zo Noelia ta duba ka. Mate kuwa..."

"Na sani," in ji shi. "Ni mai zubawa ne."

Daga bakin ƙofa Don Wilmar ya ce, "Shi ke nan, mun koma ruwan wanki."

Litinin da hantsi Ubaldo ya zo da tsohuwar a-kori-kurarsa. Sai da aka gama zagayen safe Don Heber ya yarda ya tashi. Ya tsaya kan Don Wilmar yana nuna masa yadda ake karkata ganyen, sau uku, har ya haƙura ya ce ɗalibin ba ya ɗaukar karatu. Ya sumbaci Doña Gladis a kunci. Ya taka da sandarsa har bakin mota, bai ko waiga ɓangaren gaba ba.

Na miƙa wa Ubaldo gwangwani biyu na garin kauri, na sake nanata masa cokali nawa. Don Heber ya riga ya zauna a gaba, ya sauke gilashi.

"Malama, ran sha huɗu ga wata ko?"

"Da ƙarfe goma."

"Takwas da rabi zan zo. Ki fito da filas ɗinki daga inda kika ɓoye shi, na ga ba kya zuwa da shi."

Motar ta tashi da ƙyar, ta yi baya, ta juya. Ta gilashin ina hango shi, sandar a tsakanin ƙafafunsa, ƙoƙon a hagu, filas ɗin a matse a hammatarsa ta dama.